Agogon Baba da Bajamushen da ya tona asirin kayansa

Mutanen Gombe, gaisuwa daga Hambug ta ƙasar Jamus.

Duk wanda ya taso a Jekadafari ya san Seiko 5 ɗin nan da alhazai ke dawowa da shi, mai ranakun mako da Larabci, ba batir, motsin hannu ne abincinsa. Na Baba ya kusa shekara talatin a hannunsa kafin wani mai gyara a kasuwa ya yi masa wankan fetur, ya kashe shi murus. Na ce sai na samo masa irinsa.

Na ga ɗaya a intanet wajen wani dattijo mai shagon agogon gwanjo, Yuro 90. Hotuna ya jera har da na injin, an buɗe bayan, ga wani ɗan ƙarzon gilashi da ya zagaye da jan layi don kada in ce ban gani ba. Na biya.

Washegari sai ga saƙonsa. Wai kafin ya naɗe ya ɗora agogon a na'urar sauraron bugu, ya ga yana makara sakan 50 a rana, kuma 'yar tayar nan mai kai-komo a ciki, zuciyar agogon ke nan, lilonta bai kai digiri 200 ba, alamar mai ya bushe. In ina so ya rage Yuro 30, in ba na so ya maido kuɗina. Jama'a, kuɗi sun riga sun shiga aljihunsa! Sau uku na karanta, ina neman inda tarkon yake.

Da ya ga ni baƙo ne a harkar, sai ya ƙara mini karatu. Tsohon agogo mai fuska fes kamar yau aka yi shi abin tsoro ne, galibi fenti aka sake. Irinsu sun cika intanet, yawanci daga Indiya. Jikin da aka goge har kusurwoyinsa suka lafe ya rage daraja. Tabo a gefen fuska, ruwa ya taɓa shiga, ka nemi tsatsa a inji. A jerin lambobin da ke bayan Seiko kuwa, ta farko lambar ƙarshe ce ta shekarar da aka ƙera shi, ta biyu wata. Wanda ya ƙi nuna maka inji, kama gabanka.

Mu fa? "Lafiyarsa ƙalau, Alhaji, kamar sabo." A girgiza shi a kara maka a kunne, ka ji tik-tik, shi ke nan an gama gwaji. Ka dawo gobe a ce kai ka yar da shi. A nan in ɗan kasuwa ne ya sayar maka ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba.

Kada dai in cika yabo. Da na kai shi gyara a nan, gyaran ya fi kuɗin agogon, kuma mako shida na jira, ba ciniki, ba "Allah ya sa albarka". A ranar na yi kewar masu akwatin gilashin nan na bakin tsohuwar kasuwa, kana zaune a benci ana hira ana duba maka, duk da ɗan'uwansu ne ya jawo mini wannan wahala.

Agogo ya isa gida. Na kira na ce, "Baba, yanzu kuma gaba yake yi, kamar sakan goma a rana."

Ya ce, "Bar shi haka, gara in riga liman shiga masallaci."