Hoton ƙirji da gwajin jinin Baba a wani lab na Sabon Gari

Masu tambayata ta inbos ina muka kai Baba, to ga bayanin gaba ɗaya, sunan wurin dai ba zan faɗa ba saboda akwai abin yabo akwai na tsiya. Wani lab ne mai zaman kansa a Sabon Gari, suna hoton ƙirji suna gwajin jini duk wuri ɗaya, ga likita da yake zama da yamma.

Tari ne ya sa shi gaba da shigowar hunturun nan, ga zazzaɓi ga maƙogwaro kamar an kankare, mu kuma hankalinmu ya tashi don a daminar 2021 lokacin da nau'in korona na Delta ya shigo Najeriya sai da aka kwantar da shi da oksijin. Allah ya sa Hajiya ba ta zubar da takardun asibiti, tsohon hoton ƙirjin da rizal ɗin jinin duk suna cikin ledarta, ta ce in tafi da su ko ba za a duba ba.

Wallahi nan na ga amfanin wurin. Likitan bai yi mana irin na "je ka sayi wannan" ba, ya ɗaga tsohon hoton da sabon gefe da gefe. A na 2021 ƙasan huhun duka biyu da gefe-gefe sun yi fari-fari kamar hazon hunturu, a sabon kuwa fes, sai ɗan tabo. Jinin ma haka, wancan karon nau'in fararen ƙwayoyin jinin da ake kira limfosait sun sauka sosai, CRP mai nuna kumburi a jiki ya yi sama, oksijin ya faɗi ƙasa da 90, yanzu kuma CRP ɗin ne kawai ya ɗan motsa. Ya ce Delta ta fi nutsawa cikin huhu, ita kuwa Omicron da aka fara ba da rahotonta daga Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021 da rassanta sun fi tsayawa a hanci da maƙogwaro, amma kada mu jingina komai ga nau'in cutar tunda Baba ya yi riga-kafi kuma jikinsa ya taɓa haɗuwa da ita.

Na ce to likita wannan karon korona ce ko mura? Ya yi dariya ya ce Malam hoto ba ya faɗin sunan bairos, sai an ɗibi majina daga hanci, nau'in kuwa sai manyan lab masu karanta ƙwayar halittarsa. Abin da hoto da jini suke nunawa shi ne ɓarnar ta kai ina. Da nimoniyar bakteriya ce galibi ɓangare ɗaya na huhu zai toshe ya yi fari tas, fararen ƙwayoyin jini su hau, to nan ne ake ba da antibayotik. Tunda Baba ba shi da waɗannan alamun, likitan ya hana antibayotik, alhali mai kemis ɗin unguwarmu har ya ɗaure mana kafso. CT ma, wato hoton na'ura mai nuna cikin jiki dalla-dalla, da ƙanina ya dage a kai, likitan ya ce asarar kuɗi ce tunda numfashin lafiya lau. Amma da yake tarin ya wuce sati biyu ya tura mu gwajin kaki na GeneXpert don tibi, wanda kyauta ne a asibitin gwamnati.

Yanzu na tsiyar. Jira kam ba a magana, NEPA ta ɗauke, janareta sai da aka yi ta fama kafin ya tashi, benci ɗaya tak dattijo mai tari yana tsaye matasa na danna waya, kuma mai tari da mai ciki duk ɗaki ɗaya ba ko takunkumi. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ita ma sai a hankali. Kuma in ka zo da safe takarda kawai za su miƙo maka cike da lambobi babu mai ce maka uffan, don haka ku daidaita zuwanku da bayan la'asar lokacin da likitan yake nan, ku riƙo duk wani tsohon rizal da kuke da shi.