Hattara: ana sayar da ungulu da kan zabo a cinikin furosesa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai tsohuwar kwamfutar tebur da yake shirin canza mata furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ayyukanta, don Allah ya tsaya ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa kuɗinsa. Abin da ya same ni ne zan faɗa, kuma har yanzu yana ci mini rai.

Kwamfutata ta daɗe tana yi mini hidima. Bod ɗinta, wato babban faifan da ake ɗora kayan kwamfuta a kai, H61 ne, mai soket (gurbin da furosesa ke zama) LGA 1155, furosesar ciki kuwa Core i3-2120 ce, mai ƙwayoyin aiki biyu. Da ta fara nauyi wajen gyaran hotuna, sai na yanke shawarar sa mata Core i7-3770, wadda ta fito a 2012, mai ƙwayoyi huɗu da zare takwas (wato layukan aikin da take iya ɗauka a lokaci guda). An daɗe da daina ƙera ta, saboda haka dole sai ta hannu. Na ga wani yana tallarta a intanet a kan kusan rabin abin da sauran ke nema. Ya turo mini hoton murfin, ga rubutu nan raɗau: i7-3770, SR0PK, 3.40GHz. Ya ƙara da hoton manhajar CPU-Z, mai bayyana bayanan furosesa, tana nuna wannan suna. Ya ce, "Malam, daga kwamfutar da ke aiki na ciro ta, kuma akwai mai jira, in kana so ka hanzarta." Na tura kuɗi.

Da ta iso na ɗora ta, na shafa man sanyaya, na mayar da fanka, na kunna. Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Sai da na shiga BIOS, wato manhajar bod da ke nuna kayan da ke cikin kwamfuta, na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi: Celeron G1610, ƙwayoyi biyu, 2.6GHz. Wato wadda ba ta ma kai tsohuwata ba.

Na kira shi. Ya ce ai BIOS ɗina ne ya tsufa, shi ya sa yake karanta sunan ba daidai ba. A nan ne wayonsu yake, domin maganar tana da ƙanshin gaskiya: tsofaffin bod na H61 sai an sabunta musu BIOS kafin su karɓi furosesocin Intel zubi na uku, irin su i7-3770. To amma bod ɗin da bai san furosesa ba yawanci ƙin tashi yake yi, ba ya ƙirƙiro mata sunan wata, balle ya rage mata ƙwayoyi. Duk da haka na sabunta, na sake dubawa, Celeron ɗin nan dai ce. Kafin in gama, ya toshe lambata, tallar kuma ta ɓace.

Na ciro ta na duba a haske sosai. A gefen murfin ƙarfen, inda ya haɗu da koren faifan ƙasa, gam ɗin ya fito ta waje ɗaya, kauri daban, ba layin nan siriri mai tsabta irin na masana'anta ba. Murfin na i7 ne na gaske, abin da ke ƙarƙashinsa ne ba nasa ba. Furosesocin zubi na uku, maimakon dalma, man sanyaya ne tsakanin ainihin guntun furosesar da murfin, saboda haka da reza ana iya ɓalle murfin. Sai su samu i7 da ta ƙone, su cire murfinta, su liƙa a kan Celeron mai arha wadda ke shiga soket ɗaya. Wasu kuma goge rubutun asali suke yi su zana sabo. Hoton CPU-Z ɗin da ya turo? Na wata kwamfutar ne, kowa na iya samun irinsa.

Ba sabon abu ba ne. A 2010, a Amurka, mutanen da suka sayi Core i7-920 daga babban shagon intanet na Newegg sun buɗe kwali suka tarar da guntun ƙarfe mai siffar furosesa. In har jabu ya iya ratsawa ta wurin mai kawo wa babban shago kaya, ina ga mutumin da ba ka sani ba sai ta hoto?

Da na ba masu gyara labari, sai suka buɗe mini wasu hanyoyin. Akwai furosesocin gwaji da Intel ke bai wa masu ƙera bod kafin kaya su fita kasuwa. Ba na sayarwa ba ne, ba su da garanti, wasu ba su kai saurin na kasuwa ba. Lambarsu da Q take farawa, ta kasuwa kuwa da S, kamar SR0PK ɗin can. Akwai kuma mai ce maka "ai duk soket 1151 ne", ya sayar maka da zubi na takwas alhali bod ɗinka na zubi na shida ko na bakwai ne. Za ta zauna a soket daram, amma ba za ta tashi ba, sai ya ce kai ka ƙona ta. In kuma kwamfuta ce sukutum, sunan da Windows ke nunawa ana iya sauya shi da hannu, saboda haka a duba a BIOS.

Shawarata: fara shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗinka, ka duba jerin furosesocin da yake karɓa da BIOS ɗin da kowace ke buƙata. Sannan kada ka biya sai an ɗora ta a bod a gabanka, ka ga suna, ka ƙirga ƙwayoyi da zare da idonka, a bar ta tana aiki mai nauyi na ɗan lokaci ka ga zafinta. In daga nesa ne, ka biya ta hanyar da ke riƙe kuɗi sai kaya sun iso, kuma ka ɗauki bidiyo tun daga buɗe ƙunshi har kunnawa. Mai cewa "akwai mai jira", ka bar wa mai jiran.

Na mayar da i3 ɗina, tana aiki kamar da. Na kai ƙorafi ga masu shafin da na ga tallar tare da hotunan gam ɗin da na BIOS. Jabun kuma na ajiye ta a wurina, ba zan bari ta faɗa hannun wani ba.