Sharhi kan gyaran wutar tsohon injin jirgina a Dadin Kowa

Injin da nake magana a kansa tsohon Yamaha ne mai ƙarfin doki 15, mai silinda biyu, na zamanin kwantak da kwandensa, wato kayan da ke daidaita fitar wutar fulogi, kuma shi ne mahaifina ya bar mini tare da jirgin katakon da muke ɗauko kifi da shi daga masunta a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola. Matsalar da ta kai ni wurin makanike ta daɗe tana damuna: da asuba injin yakan tashi da ja biyu ko uku na igiya, amma da zarar ya yi zafi sai ya fara tari, silinda ɗaya ta daina aiki, daga nan ya mutu a tsakiyar ruwa, ba zai sake tashi ba sai ya huce. Sau biyu aka wanke mini kafireta, na sauya fulogi, amma ko kusa ba a taɓa ciwon ba.

Makaniken da na samu a cikin garin Gombe dattijo ne wanda ya fi aikin janareta da babura. Abin da ya fara burge ni shi ne bai kwance komai ba sai da ya gwada wutar. Ya nuna mini cewa lafiyayyar wuta shuɗiya ce mai ƙara, tana iya tsallake ratar kusan milimita 6, alhali ta silindata ta ƙasa jajaja ce mai rauni. Da ya cire filawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a saman inji, da abin jansa na musamman, ba da guduma ba kamar yadda wasu ke yi su lalata ƙarfen, sai ga koyil ɗaya, wato naɗin wayar da ke ba fulogi wuta, ta tsattsage, danshi ya shige ta. Ya ce mini, “Alhaji, wannan tsagar ita ce ke buɗewa idan inji ya yi zafi, wutar ta zurare kafin ta isa fulogi.” Kwantak ɗin ma ya ci, bakinsa duk ya yi ramuka.

Ya sauya koyil biyun da wayoyin fulogi, sannan ya ba ni shawarar a cire kwantak da kwandensa a sa ƙaramar na'urar lantarki a madadinsu, ɗaya ga kowace silinda. Na yi jinkiri kafin na amince, domin kwantak abu ne da na saba gogewa da kaina in daidaita ratarsa, amma na'urar nan idan ta ƙone babu dabarar da mutum zai yi mata a kan ruwa. A ƙarshe na yarda, bisa sharaɗin ya ba ni tsoffin kayan in riƙa ajiye su cikin leda a jirgi.

Yanzu wata huɗu ke nan, har da kwanakin marka, injin bai mutu mini ko sau ɗaya ba, kuma fulogi sun daina yin baƙi da wuri duk da cewa ban sauya yadda nake gauraya fetur da baƙin mai ba. Inda aikin ya gaza shi ne wayar madannin kashe inji, wadda ya bari ba ta ɗauru da kyau ba, har sai da na koma washegari, tafiyar kusan kilomita 40 da inji a bayan a-kori-kura. Haka kuma ba shi da durom ɗin ruwa na gwaji a shagonsa, sai da na matsa aka nemo ganga aka cika ta, domin tayar da irin wannan inji a busasshe yana ƙona robar famfon da ke sanyaya shi cikin ɗan lokaci kaɗan.

Kuɗin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka nema a hannuna na injin kwance a kasuwa ba, kuma tuni na tura masa maƙwabcina mai irin wannan inji, tare da gargaɗin ya tafi da gangarsa.