Gyaɗa na ɓata maka ciki? Ga yadda za ka zaɓi wadda za ka saya

Kafin ka kai hannu aljihu, ka fara rarrabe abin da gyaɗa ke yi maka, don matsala biyu ce mabambanta. Idan kumburin ciki ne, ko ƙwannafi, ko nauyi bayan ka ci da yawa, galibi mai ne sanadi: kusan rabin nauyin busasshiyar gyaɗa mai ne, kuma mai yana jinkirta fitar abinci daga tumbi. Amma idan cikin mintoci zuwa awa 2 ka ga borin jini, ƙaiƙayin baki, kumburin leɓe, amai ko sarƙewar numfashi, ko da ƙwaya ɗaya ka ci, to jikinka ne ke yaƙi da furotin ɗin gyaɗar, wato sinadarin gina jiki da ke cikinta. Wannan kan iya kisa. Sarƙewar numfashi sai asibiti nan take, a yi allurar adrenalin.

Ga mai matsalar nauyin ciki, dafaffiya ta fi. Ta sha ruwa, don haka man da ke cikin giram 100 nata bai kai rabin na soyayyiya ba, ga laushi wajen tauna. Aibinta ɗaya, ba ta kwana. Ka sayi ta ranar, in ka ji yauƙi a ɓawon ko warin tsami, ka bar wa mai tallar abinta. Soyayyiya kuwa, ta yashi ko mai gishiri ta kwalba, daɗinta ne ke ja a wuce gona da iri. Cikin tafin hannu ɗaya, kamar giram 30, ya isa, kuma ba daf da kwanciya ba.

Ƙuli-ƙuli ana ɗauka ya fi sauƙi tunda an matse mai, sai dai a cikin man ake sake soya shi, kuma wanda ya daɗe a rumfa yakan yi ɗaci da warin tsohon mai. Ka karya ɗaya ka shinshina kafin ka biya. Kunun gyaɗa da aka tace yakan fi kwanciya a ciki.

Shi kuwa mai borin jini, babu nau'in da ya dace da shi, dafaffiya ko soyayyiya. Ƙuli-ƙuli ma ya fi haɗari, don furotin ɗin ne ya taru a cikinsa, kuma yana ɓoye a yajin tsire da labun kilishi. Dakuwa da miyar taushe ma sai an tambaya. Man gyaɗa na gida, wanda mata ke matsewa daga niƙaƙƙiyar gyaɗa, yana ɗauke da furotin. Na kamfani da aka tace sosai kusan babu, amma likita ne zai ba ka izini, ba mai shago ba.

Wajen sayen ɗanya a mudu, ka watsa kaɗan a tafi ka duba. Ƙwayar da ta yamutse, ta yi baƙi ko fumfuna, tana iya ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Arhar irin wannan gyaɗar ba riba ba ce.

In madadi kake nema, aya ba dangin gyaɗa ba ce, amma tana da dusa, a fara da kaɗan. Gurjiya ba ta da mai sosai, sai dai tana sa iska kamar wake. Riɗi shi ma yana tayar wa wasu da borin jini.

Wanda bai taɓa ganin alamun borin jini ba zai iya gwada kansa: ya bar gyaɗa mako 2, sannan ya ci cokali 1, ya lura da cikinsa kwana 2 kafin ya ƙara. Wanda ya taɓa gani kuwa kada ya gwada a gida. Gwajin fata ko na jini mai suna IgE zai nema a asibiti, kuma kada ya ɓata kuɗinsa kan wani gwajin jini na daban mai suna IgG da ake tallatawa, don ba ya tabbatar da wannan cuta.