Jakar goyo ko mai taya? Sai kuma maganar barcin yaron

'Yar uwa na ga tambayarki akan yaronki ɗan shekara 10, kin ce kullum in ya dawo makaranta a gajiye yake yana kukan kafaɗa, malaminsu kuma ya ce yana gyangyaɗi a aji makinsa ya yi ƙasa, shine kike tunanin ko ki ajiye jakar goyon ki sai masa mai taya. Toh zan kwatanta miki su, amma gaskiya abu biyu kika haɗa waje ɗaya. Kukan kafaɗa daban, gyangyaɗi da faɗuwar maki daban, kuma a cikin biyun nan ɗaya kawai sabuwar jaka za ta iya taɓawa.

Mu fara da jakar tunda ita kika tambaya.

Jakar goyo mai hannu biyu ita ce ta fi raba nauyi daidai, kafaɗu biyu da baya duk sun ɗauka, hannun yaro a sake, ya hau bene ya sauka ya yi gudunsa ba matsala. Amma fa sai an goya ta yadda ya kamata. Yawancin yara hannu ɗaya suke saƙalawa wai gayu, ko su saki igiyar har jakar tana dukan mazaunansu, sai kiga yaro ya sunkuyo gaba yana tafiya kamar mai neman abu a ƙasa, dan nauyin na jansa baya dole ya rama da wuya da kafaɗa. In zaki saya ki duba hannayen su zama masu faɗi da soso a ciki, siraran nan cin kafaɗa suke. Bayanta ma da soso saboda kar gefen littafi ya dinga tokarinsa. Faɗinta kar ya wuce faɗin bayansa, ƙasanta kuma ya tsaya wajen ƙugu. In akwai ɗan bel na ƙirji ko na ƙugu ya fi. Kuma dan Allah kar a sai ƙatuwa wai ya girma da ita, jaka in ta yi girma cika ta ake yi.

Mai taya kuma, a shimfiɗaɗɗen waje ta fi sauƙi wannan ba musu, nauyin na ƙasa ba a jikinsa ba. Matsalarta tun babu komai a ciki ta fi ta goyo nauyi saboda ƙarfen hannun da tayoyin. Da an zo bene ko yashi ko taɓo ko shiga mota sai an ɗaga ta, kuma da hannu ɗaya, kinga an koma gidan jiya har ma ya fi muni. Janta ma da hannu ɗaya ne jiki a ɗan murɗe. Wasu makarantun hana ta suke dan yara na tuntuɓe da ita a cunkoso, saboda haka ki tambaya kafin ki saya. Ni a ganina sai in yaro na da wata lalura a baya, ko hanyarsa da makarantarsu duk a shimfiɗe suke babu bene, sannan mai taya ta ci kuɗinta. Ta rataya mai hannu ɗaya kuwa ki manta da ita indai littattafai ne masu nauyi.

Abin da ya fi irin jakar muhimmanci shine abin da ke cikinta. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shine kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin yaron, Indiya ma a tsarin jakar makaranta da ta fitar a 2020 kashi 10 ta tsayar. Yaro mai kilo 30 kenan jakarsa kilo 3, in ta yi yawa 4 da rabi. Ki hau da shi sikeli da jakar a bayansa, ya sauke ki sake aunawa, bambancin shine nauyinta. Sai ki zazzage ta, zaki sha mamaki, littattafan ranar Litinin har Juma'a suna ciki, tsofaffin littattafan rubutu, gorar ruwa cike. A dinga shirya ta da dare bisa jadawalin darasin gobe, masu nauyi su jingina da bayansa, ƙananan kaya a aljihun gaba. Sau da yawa nan kukan kafaɗar yake ƙarewa ba a sai komai ba.

Kuma ki kwantar da hankalinki, jaka ba ita ke kawo karkacewar ƙashin baya ba kamar yadda ake tsoratar da iyaye. A 2018 ma an yi wani nazari da ya tattaro binciken da aka yi a baya akan jakar makaranta, ba a samu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa ita ke jawo wa yara ciwon baya ba. Tana gajiyarwa, tana cin kafaɗa, amma a sauke ta an huta.

Yanzu gyangyaɗin. Nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Jaka minti nawa take a bayan yaro a rana? Daga gida zuwa aji, daga aji zuwa gida. A aji a ƙasa take. Ƙarancin barci kuwa da shi yake shiga ajin, da shi yake zama tun darasin farko har a tashi, ba a sauke shi a gefen benci.

Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2016 ta ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Ki yi lissafi da kanki. In ƙarfe 6 na safe kike tashinsa, ƙarfe 9 na dare ya kamata ace ya riga ya yi barci, ba wai lokacin ake cewa je ka kwanta ba, kuma wannan mafi ƙarancin kenan. In sai 11 yake barci awa 7 yake samu, kullum ana binsa bashin awa 2, kafin Juma'a ya zama awa 10, barcin dare guda cur da ɗoriya.

Ta hanya biyu abin yake cin karatu. Na farko da rana, ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta riƙe hankali waje ɗaya, malam na bayani yaro na kallonsa amma rabi ya wuce, abin da bai shiga ba kuwa ba a maganar tuna shi. Na biyun shine wanda mutane ba su cika sani ba, abin da yaro ya koya yau a wata ma'ajiya ta wucin gadi yake fara zama a ƙwaƙwalwa, sai cikin barci mai nauyi ake maimaita shi a ƙarfafa shi ya zauna dindindin. Shi yasa zaki ga kun yi bitar lissafi da dare ya iya tsaf, da safe kamar ba a taɓa yi ba, ki yi ta faɗa kina cewa ba ya maida hankali. Shi yasa kuma raba dare ana karatun jarabawa asara ce ga yaro. Sinadarin girma ma a cikin wannan barcin mai nauyi jiki ya fi sakinsa.

Wani abu kuma, ba kowane yaro ne ke nuna rashin barci da hamma ba. Manya mu ne muke yin laushi, yara da yawa ƙiriniya suke ƙarawa, saurin fushi, kuka akan abin da bai kai ya kawo ba, kasa zama waje ɗaya. Sai a ce rashin ji ne. Naki ma da sauƙi tunda gyangyaɗi yake, ya nuna miki a fili.

Masu 'yan sakandare ku naku ya ɗan bambanta, da balaga agogon jiki yana ja baya, sinadarin da ke kawo barci ba ya zuwa da wuri, ba duka ne taurin kai ba. Saboda haka ne likitocin yara a Amurka tun 2014 suka ba da shawarar kar sakandare ta fara kafin 8:30. A birnin Seattle na Amurka da aka maida lokacin shiga sakandare daga 7:50 zuwa 8:45, binciken da aka buga a 2018 ya nuna ɗaliban sun ƙara kusan minti 34 na barci kuma makinsu ya ɗaga da kashi 4.5. Rabin awa fa kawai.

Gyaran jaka na yini ɗaya ne, na barci shine aikin dan sai gidan gaba ɗaya ya canza. Waya da talabijin a kashe awa guda kafin kwanciya, kuma wayar ta kwana a wajenki ba ƙarƙashin filonsa ba. Aikin gida a yi shi da wuri. Kar ki ce yau ɗaya zaki dawo da shi daga 11 zuwa 9, zai kwanta ne ido biyu, ki dinga matsowa da minti 15 duk bayan kwana biyu-uku. Asabar da Lahadi ma kar a bari tashin ya yi nisa da na ranar makaranta, in ba haka ba daren Litinin a sake sabon lale.

In kin yi sati biyu zuwa uku yana samun awanninsa cif amma har yanzu yana gyangyaɗi, ki saurare shi da dare. In yana minshari sosai, ko yana barci baki buɗe, ko numfashin na ɗan tsayawa ya fizgo, ki kai shi asibiti a duba maƙogwaronsa da hancinsa, a duba jininsa ma ko ya yi ƙasa. Haka kafaɗar, in an rage kaya ciwon bai tafi ba, ko hannunsa na yin sanyi yana jin kamar ana tsira masa allura, ko ciwon na tashinsa cikin dare, wannan ba maganar canza jaka ba ce, likita zai gani.