Zaɓen Na'urar GPS ta Ƙaramin Jirgi Marar Matuƙi: Lokacin Kama Taurari da Cin Batir

Mai haɗa ƙaramin jirgi marar matuƙi domin nishaɗi yakan tsaya tsakanin na'urorin gano wuri (GPS) biyu na kamfanin u-blox, wato tsohuwar M8 da sabuwar M10. M8 tana iya sauraron rukunin taurarin ɗan'adam uku a lokaci guda, ita kuwa M10 tana haɗa huɗu: GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin. Wannan yana da amfani, domin taurari huɗu sun isa a gano wuri, amma manhajar Betaflight, wadda take sarrafa jirgin, ba ta barin jirgi ya tashi da tsarin komawa gida (wanda yake dawo da shi inda ya taso da kansa) sai an kama takwas, idan ba a sauya saitin ba.

Batun cin wuta shi ne inda masu saye suka fi ruɗewa. Gaskiya ne M10 ta fi M8 tsimin wuta, sai dai abin da kowacce take sha bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da injinan da ke juya farfela. Asarar gaske tana faruwa ne a ƙasa, yayin da jirgin yake zaune a kan ciyawa yana jiran sigina, na'urar aika bidiyo kuma tana ta zuƙar batir tana ɗaukar zafi saboda babu iskar da za ta sanyaya ta.

Saboda haka lokacin kamawa ya kamata a fi dubawa. Na'urar GPS da ta manta komai tana buƙatar kusan sakan 30 a fili buɗaɗɗe kafin ta sauke bayanan hanyar taurari, kuma kusa da gine-gine ko bishiyoyi jiran yakan kai mintoci. Wadda take da ɗan ƙaramin batirin ajiya a bayanta kuwa tana riƙe bayanan na 'yan sa'o'i, don haka bayan an sauya babban batirin jirgin sai ta kama cikin sakan kaɗan. A ganina, rashin wannan ɗan batirin ya isa a fasa ciniki komai arhar na'urar.

Eriya mai faɗin milimita 25 ta fi mai 18 jin sigina, ko da yake ta fi nauyi ga ƙaramin jirgi. Kowacce aka saya, a ɗaura ta tana fuskantar sama, nesa da eriyar bidiyo, kuma idan allon sarrafa jirgin yana ba ta wuta ta USB, a fara jona ta haka har ta kama kafin a sa babban batir.