Farar giwa da nasarar Firus: ba ɗanjuma da ɗanjummai ba ne

Ƙanena, ka ce ka ci karo da "white elephant", wato farar giwa, a wata jarida, sannan ka ga "Pyrrhic victory" a wani sharhi kan zaɓe, da ka duba ƙamus sai ka ga kamar abu ɗaya suke nufi, wato samun da ya rikiɗe ya zama asara. Kana son sanin ko za ka iya sa ɗaya a gurbin ɗaya idan kana rubutu. A'a, ba za ka iya ba. Dangi ne, amma kowanne da gidan ubansa, kuma idan ka ji inda kowanne ya fito ba za ka sake haɗa su ba.

Bari in fara da na biyun, don shi ne mai suna da shekara. Pyrrhus, a faɗe shi Firus, sarkin Epirus ne, wani yanki da yau ya faɗa tsakanin arewa maso yammacin Girka da kudancin Albaniya. Mutanen birnin Tarentum da ke kudancin Italiya suka kira shi ya taimake su a kan Romawa. Ya ƙetara teku a shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, da mayaƙa wajen 25,000 da giwaye 20. Romawa ba su taɓa karawa da giwa a fagen fama ba. Dawakinsu suka firgita, su kuma da suka rasa sunan da za su ba dabbar sai suka riƙa ce mata saniyar Lukaniya, da sunan yankin da suka fara ganinta. Firus ya ci yaƙin Heraclea a wannan shekarar, ya sake cin na Asculum a 279.

To ina asarar? Marubucin nan Plutarch, wanda ya rubuta tarihin Firus sama da shekara 300 bayan abin ya faru, ya kawo lissafin cewa a Asculum Romawa sun rasa mutum 6,000, Firus kuwa 3,505. A takarda ya yi riba. Sai dai waɗanda ya rasa su ne zaratan da ya taho da su daga gida, har da manyan kwamandojinsa da aminansa, ga shi a baƙuwar ƙasa, babu inda zai samo madadinsu. Romawa kuwa a gida suke, ana kashe wasu wasu na cike gurbi, kamar rijiyar da ake ɗiba tana kawowa. Plutarch ya ce da wani ya zo yi masa barka, Firus ya amsa da cewa in dai suka sake cin Romawa irin wannan cin sau ɗaya, to sun ƙare. Daga wannan amsa aka samo kalmar.

Ita kuma farar giwa daga gabas ta taho, daga Siyam, wadda aka mayar wa suna Tailan a 1939, da maƙwabciyarta Bama, waccan Bama da kakanninmu suka je yaƙi, ba ta Borno ba. Da farko ma dai giwar ba fara ba ce tas. Fatarta ja-ja ce mai haske, wani lokaci da dabbare-dabbare, kamar yadda zabiya yake a cikin mutane. Mabiya addinin Buda suna girmama ta, don a labarinsu mahaifiyar Buda ta yi mafarkin farar giwa kafin ta haife shi. Saboda haka duk inda aka kama irinta ta sarki ce, ba a sa ta jan katako, ana gina mata muhalli na musamman da barori masu yi mata hidima. Girman abin ya kai a 1563 sarkin Bama, Bayinnaung, ya nemi sarkin Ayutthaya, babban birnin Siyam a lokacin, ya ba shi biyu daga cikin fararen giwayensa, aka hana shi, ya ɗaura yaƙi, birnin ya miƙa wuya a 1564. Tun daga 1855 kuma, har tsawon shekara 60 da ɗoriya, tutar Siyam farar giwa ce a kan jan ƙyalle.

Labarin da ya shiga bakin Turawa shi ne wai idan sarkin Siyam yana son ya karya wani bafade ba tare da ya zare takobi ba, sai ya yi masa kyautar farar giwa. Ba damar ya ƙi karɓa, ba damar ya sayar, ba damar ya sa ta aiki, ba damar ya bar ta da yunwa. Haka za ta cinye shi ƙurmus. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin almara mai daɗin ji, domin abin da aka sani a aikace kishiyarsa ne: daga hannun talakawa giwar take tafiya zuwa fada, wanda ya samo ta a ba shi tukwici, kuma sarkin da ya yarda a ci birninsa da yaƙi a kan giwa biyu ba shi ne zai riƙa rabon su don huce haushi ba. Amma almara ko gaskiya, ita ta haifi ma'anar, kuma zuwa tsakiyar ƙarni na 19 Ingilishi sun riga sun fara kiran duk wata kadara mai cin kuɗi marar amfani da wannan suna.

Wani abin dariya ya ƙara yaɗa ta. A 1884 Ba'amurken nan mai wasan nuna dabbobi, P. T. Barnum, ya kashe maƙudan kuɗi ya samo wata daga Bama mai suna Toung Taloung, aka fara nuna ta a gidan namun daji na Landan. Jama'a suka yi cincirindo suna tsammanin ganin abu fari kamar alli, sai ga giwa ruwan toka da 'yan tabo a fuska da kunne. Abokin hamayyarsa Adam Forepaugh da ya ga haka sai ya samo giwa ta gama-gari ya shafe ta da farin fenti, tasa ta bogi ta fi ta gaskiyar fari.

Ga inda suka rabu. "Pyrrhic victory" sai da abokin karawa. Dole a yi yaƙi, ko shari'a, ko takara, ko gasa, dole kuma a ce kai ka ci. Asarar a cikin gwagwarmayar ake yin ta, lokacin da aka ɗaga hannunka an riga an yi ta an gama. "White elephant" kuwa abu ne da ake mallaka, gini ko inji ko mota ko ma'aikata, kuma babu ruwansa da abokin gaba. Ranar da aka same shi murna ake yi, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. Asarar daga baya take farawa, kuma ba ta tsayawa: kowane wata sai an biya masu gadi, an biya albashi, an yi gyara.

Ka ɗauki mai ƙaramin albashi a cikin gari da wani babba ya yi wa kyautar ingarman doki. Ranar farko unguwa ta cika da 'yan kallo. Kafin sati ya zagayo ya san farashin harawa da dussa da kanwa, ya kafa turke a tsakar gidan da da ma bai ishi shanya ba, ya ɗauki yaron da zai riƙa yankan ciyawa yana kwashe kashi, uwargida ta fara ƙorafin ƙuda. Ba ya hawa sai da sallah. In ya sayar, mai kyautar zai ji, a ce ya raina alheri. Wannan dokin shi ne "white elephant" ɗinsa. Mu da Hausa sai mu ce ya zame masa ƙarfen ƙafa, ko alaƙaƙai, ko kuma ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa.

Yanzu ka ɗauki wani da ya shiga shari'ar iyakar gona da maƙwabcinsa a kan kunya biyar. Daga wannan kotu zuwa waccan, ɗaukaka ƙara bayan ɗaukaka ƙara, ya sayar da shanun huɗa ya biya lauya, ya sayar da rabin gonar ya ci gaba. Bayan shekaru alƙali ya ce kunyoyin nan nasa ne. Ya ci, babu mai musu. Wannan ce "Pyrrhic victory". Kusan abin da muke nufi ke nan da garin neman gira an rasa ido, ko garin neman ƙiba an samo rama, sai dai namu bai sharɗanta cewa an sami girar ba. Na Turanci ya sharɗanta. Idan mutumin nan ya faɗi a shari'ar bayan duk wannan kashe kuɗi, ba za ka kira abin "Pyrrhic victory" ba, faɗuwa ce kawai. Nan ne na fi ganin masu rubutu suna zamewa.

Misalan zahiri ba su da wuyar samu. A 1990 kamfanin sayar da abinci na McDonald's ya kai wasu 'yan fafutuka ƙara a Landan saboda wata takarda da suke rabawa tana sukar sa. Biyu daga cikinsu suka ƙi ba da haƙuri, suka tsaya kare kansu. Aka yi zama 313 a kotu, a 1997 aka yanke cewa su biya fam 60,000, daga baya aka rage zuwa 40,000. Kamfanin ya kashe miliyoyin fam a kan lauyoyi, bai karɓi ko kwabo ba, alƙali ya tabbatar da wasu daga cikin zarge-zargen, takardar da da 'yan tsiraru ke karantawa kuma ta zagaye duniya. A ɗaya ɓangaren akwai filin jirgin sama na Mirabel kusa da Montreal a Kanada, da aka buɗe a 1975 da burin ya zama ƙofar shiga ƙasar, ya yi wa gari nisa, fasinjoji suka guje shi, aka daina jigilar su ta nan a 2004. A gida kuwa, duk lokacin da jaridun Najeriya suka rubuta "white elephant project", da wuya ka gama karantawa ba ka ga Ajaokuta ba, kamfanin ƙarafan da aka ƙulla yarjejeniyar gina shi da Tarayyar Sobiyat a 1979, har yau bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba.

Za ka iya cewa to ai wannan shi ne aikin baban giwa, tunda ga giwa a ciki. Ya yi kusa, amma ba shi ba ne. Aikin baban giwa wahala ce da ta tashi a banza, an yi an watse. Farar giwa ba ta watsewa, tana nan a turke tana jiran abincin gobe. Kuma kada ka haɗa ta da "the elephant in the room", wannan wata giwar ce daban, matsala ce babba da kowa ke gani amma kowa ya kame baki.

Wajen rubutu, "Pyrrhic" da babban baƙi ake fara shi don sunan mutum ne, da r biyu sannan h, a faɗe shi kamar firik. Kuma abu ɗaya na iya ɗaukar duka biyun idan aka bi shi daki-daki: 'yan kasuwa biyu su yi ta ƙara wa juna farashi a gwanjon wani tsohon otal, wanda ya ci ya ci da bashi har wuya, cin gwanjon "Pyrrhic victory" ne, otal ɗin da babu baƙi amma kullum sai an sayi man janareta shi ne "white elephant".

Shi Firus bai daddara ba. Ya wuce Sisili ya yaƙi mutanen Kartaj, wata daula ta arewacin Afirka, ya dawo Italiya Romawa suka tare shi a Beneventum a 275, ya tattara ya koma gida. A 272 ya kutsa birnin Argos na Girka da dare, faɗa ya rincaɓe a cikin lunguna, da ya so fita sai ga babbar giwarsa ta faɗi ta toshe ƙofar gari. Yana cikin fafatawa da wani saurayi ɗan garin, tsohuwar saurayin tana kallo daga saman soro, ta ɗauko fale-falen rufin ɗaki da hannu biyu ta sako masa a ƙeya. Ya faɗo daga kan doki a sume, wani soja ya ƙarasa shi.